Dashen Lalle a Lambu

Yara, tsire-tsiren da muke nomawa iri biyu ne. Akwai waɗanda ba su zarce damina guda, kamar gero da wake da kuɓewa. In an girbe su, shi ke nan, sai baɗi a sake shuka. Akwai kuma masu dogon rai, waɗanda in an dasa sau ɗaya za a yi shekaru ana cin moriyarsu. Lalle yana cikin waɗannan na biyu.

Kowa a cikinku ya san lalle a hannun amarya, amma ba kowa ya lura da itacensa ba. Ɗan itace ne mai rassa da yawa, in an ƙyale shi yakan fi mutum tsawo. Ganyensa ƙanana ne, furensa fari, ƙanana ƙwarai, a cure wuri guda. In rana ta faɗi, iska ta yi sanyi, sai ƙamshinsa ya game gida. Masana tsire-tsire suna kiransa Lawsonia inermis. Tun zamanin Fir'aunonin Masar mutane suke rina jikinsu da shi, har yau kuwa ana nomansa da yawa a Indiya da Sudan da Maroko.

Lalle yana son rana da zafi, yana kuma jure fari. Abin da ba ya so shi ne ruwa ya kwanta a gindinsa. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, mu mutanen ƙasar Yauri. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968. Da ruwa ya taru ya zama tafki, sai ya cinye garuruwa da gonaki da itatuwa, har aka sake wa mutum fiye da 40,000 mazauni. Tun daga lokacin, ruwan tafkin nan ja da baya yake yi da rani da bazara, ya yi ƙasa ƙwarai wajen watan Yuli, sa'an nan ya komo ya cika da kaka da hunturu.

To, kun ga lokacin dashe, wato farkon damina, ya zo daidai da lokacin da ruwa ya yi nisa da gari. Na taɓa zuwa duba wata makaranta a bakin tafki, na iske 'yan aji biyar sun dasa lalle jere biyu a gangare, don ƙasar wurin baƙa ce mai laushi. Ya kama, ya yi kyau. Da na komo bayan watanni huɗu, masunta ke wucewa da jirgi ta kan wurin. Saboda haka ko a Yelwa kake, ko Wara, ko ƙasar Shanga kusa da kogi, ka fara tambayar dattawa iyakar inda ruwa yake tsayawa, sa'an nan ka haura tudu ka yi dashenka.

Ga yadda ake yi. Ka nemi izinin mai lalle, ka yanko reshe wanda ya ƙosa, kaurinsa kamar na fensir, tsawonsa kamar ƙafa guda. Ka tsige ganyen ƙasa. Ka haƙa rami, ka gauraya ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki, ka binne rabin reshen, ka danne ƙasa da kyau. In shinge kake so, ka bar tazarar ƙafa biyu tsakanin wannan da wancan. Ana kuma iya shuka 'ya'yansa, amma ɓawonsu da tauri, sai an jiƙa su kwanaki kafin su tsiro.

Shekarar fari ita ce ta wahala. In ruwan sama ya ɗauke, ka riƙa yi masa ban ruwa da safe ko da yamma. Ka cire ciyawa. Ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ka barbaɗa toka a gindinsa saboda gara. Da zarar saiwarsa ta nutse, ba ya bukatar lallashi kuma.

In ya girma, kada ka ji tausayin sare shi. Tsohon reshe ƙaya yake yi, ganyensa kaɗan; sabon toho shi ne mai yawan ganye. Ka datse rassan, ka shanya su a inuwa, don ganyen da aka shanya a rana yakan dushe. In sun bushe sai a kakkaɓe ganyen, a daka a turmi, a tankaɗe, a ajiye inda damshi ba zai taɓa shi ba. Mata su yi ƙunshi da Salla da biki, saura a kai kasuwa.

Akwai gargaɗi biyu. Lalle na gaskiya ja yake rinawa. Baƙin lalle na kanti sau da yawa ana zuba masa sinadarin rinin gashi, wanda yakan ƙona fata. Likitoci kuma sun hana sa wa jarirai lalle, domin yakan lalata jinin waɗansunsu.

Yaron da ya dasa lalle yana aji uku, in ya zaɓi wuri nagari ya kuma yi haƙurin shekara guda, zai bar makaranta ya bar shingensa yana fure, ƙannensa suna amfana.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin lalle da gero wajen daɗewa?
2. Don me ba a dasa lalle a gangaren tafki?
3. Ina ake shanya ganyen lalle, kuma me ya sa?