Maigida, Maganar Nan Da Kai Ake

Tun ranar 24 ga Oktoba, 2023, da gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar da allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, ma'aikatan lafiya ke bin makarantu da unguwanni suna wa jama'a bayani. An fara da wasu jihohi, Jigawa da Bauchi na ciki, sauran suka biyo baya a watan Mayun 2024. Dalilin a fili yake: a shekarar 2020 kaɗai mata kimanin 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a ƙasar nan, kimanin 8,000 suka riga mu gidan gaskiya. Amma da magidanta suka ji an ambaci mahaifa, da yawa suka kaɗe riga suka tashi, wai zancen mata ne. To maigida, dawo ka zauna, domin ƙwayar da ke cin bakin mahaifa ita ce kuma ke cin maƙogwaro, kuma a maƙogwaro maza ta fi kamawa.

Wace ce wannan ƙwaya?

Dangi ne babba, sun haura iri 200, kowanne da lambarsa. Yawancinsu ba su da wata ɓarna. Kaɗan ne miyagu, uban gayyarsu kuwa shi ne mai lamba 16. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙarta da sankarar bakin mahaifa, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Daga baya likitoci suka riƙa tarar da ita cikin ciwon dajin gindin harshe da na tsokokin nan biyu da ke gefen maƙogwaro, waɗanda ake kira tonsil. A Amurka yau, kusan bakwai cikin goma na ciwon dajin wannan wuri aikinta ne, har yawan masu shi ya zarce na mata masu sankarar bakin mahaifa a can. Da yawansu magidanta ne da ba su taɓa busa sigari ba.

Ba kunya a neman sani, don haka za mu faɗa. Tana yaɗuwa ta cuɗanyar jiki wajen kwanciya, har da saduwa ta baki. Cikin goma da suka ɗauka, jikin tara yakan kore ta da kansa cikin shekara biyu. A jikin na goman ne take laɓewa.

Ku dubi buhun wake. Manomi ya roro wakensa, ya sussuka, ya sheƙe, ya duba ya ga fari tas kamar haƙori, ya ɗinke buhu ya jingine a ɗaki yana hamdala. Bai sani ba tun a gona ƙwaro ya riga ya yi ƙwai. Wata guda, shiru. Wata biyu, buhu na nan tsaye da ƙibarsa, har maƙwabta na yaba shi. Ran da ya kwance don kaiwa kasuwa sai ya tarar da gari da huji, kowace ƙwaya an yi mata ƙofa. Ɓarnar ba ran nan ta faru ba, ran nan dai aka gan ta. Haka wannan ƙwaya take, sai dai nata watannin shekaru ne, goma, ashirin, har fiye. Saboda haka kada wanda ya samu wannan ciwo ya ɗora wa iyalinsa zargi, kada ita ma ta ɗora masa. Ba wanda ya san ranar da ta shiga, zato kuwa zunubi ne.

Ƙullutun da ba ya ciwo

Ga inda muke so a buɗe kunne. Sau da yawa alamar farko ƙullutu ne a gefen wuya, mai tauri, ba zafi, ba raɗaɗi. Rashin ciwon nan shi ne tarkon. Mutum ya shafa ya ce kaluluwa ce, za ta sace. Wani ya ce masa hangum ne, wani ya ce maƙoƙo. Kaluluwar gaskiya takan zo da mura ko ciwon haƙori, ta tafi tare da su. Wadda ta yi mako uku ba ta motsa ba, balle a ce girma take, wannan ta likita ce.

Ga kuma sauran alamu: ciwon maƙogwaro a gefe guda da ya ƙi warkewa, wahalar haɗiya kamar ƙaya ta tokare, ciwon kunne ɗaya alhali kunnen lafiya lau, dashewar murya, gyambo a baki, jini a cikin yawu, da rama ba dalili.

Me muke yi idan mun ga haka? Mu sayi ƙwayoyi a kemis mu sha, mu sake saye. Mu je wurin wanzami ya cire beli. Mu shafa toka da kanwa, mu naɗa rawani mu rufe. Sai wata shida, sai shekara, sai tuwo ya ƙi wucewa, koko ma da ƙyar, sannan a ɗauko mutum ranga-ranga a ce likita ya yi wani abu. Haba jama'a! Kai da ba ka barin akuyarka ta kwana biyu ba ta cin dusa sai ka nemo malamin dabbobi, wuyanka ne ya fi akuya arha? Wannan ba tawakkali ba ne, sakaci ne. Jiki amana ne, kuma addini ya umarce mu da neman magani.

Abin takaicin shi ne, ciwon dajin maƙogwaro da wannan ƙwaya ke jawowa ya fi jin magani a kan wanda taba ke jawowa. In an zo da wuri, da aiki ko gashi ko allurai, mafi yawa suna warkewa. Kuma maƙogwaro ba shi da gwajin tacewa irin na bakin mahaifa, alamun nan su ne ƙararrawa. A nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai su a asibitocin koyarwa na Kano da Shika da Sakkwato, da cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna.

Allurar yara

Iri tun kafin shuka ake gauraya shi da magani. Allurar ma haka take, tana tare ƙwayar ne kafin ta shiga, ba ta fitar da wadda ta riga ta zauna. Shi ya sa ake yi wa ƙananan yara. Tun 2006 ake amfani da ita a duniya, ba ta hana haihuwa, a ƙasar nan kyauta ce, sau ɗaya ake yi, kuma tana tare mai lamba 16 ɗin nan. Ostareliya ta soma yi wa yara maza a 2013, Ingila a 2019. A nan da 'yan mata aka fara, kuma duk yarinyar da aka kare an rage hanyar yaɗuwa ga wanda zai aure ta. Uban da ya ji jita-jita a majalisa ya hana 'yarsa, ya shirya amsar da zai bayar ranar da za a tambaye shi kiwon da aka ba shi.

Sauran matakan kariya kuwa kun san su. Sigari, shisha, tabar da ake sawa a leɓe da giya su ne tsofaffin masu jawo dajin baki da maƙogwaro, a bar su. A tsaya ga halal, a kula da tsabtar baki.

Yau da dare kafin ka kwanta, sa yatsu ka shafa wuyanka daga ƙasan kunne zuwa ƙashin wuya, hagu da dama. In ka ji wani abu, riƙe ranar. In mako uku ya cika yana nan, kama hanyar asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu da zuriyarmu, amin.