KUNDIN AIKIN ƊALIBIN MALANTA A CIKIN WAYAR HANNU

Jama'a, kowa ya sani ilmin yaro ba ya wuce gwanintar wanda ya koyar da shi. Sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, makarantu sun cika maƙil, malamai kuwa suka yi ƙaranci. A wannan shekara ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. A 1989 aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilmi, a 1993 kuma majalisar rajistar malamai. Bisa manufar ilmi ta ƙasa, takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar shiga aikin koyarwa. Amma takarda ita kaɗai ba ta nuna yadda mutum yake riƙe aji.

Mene ne kundin aiki?

Kundin aiki shi ne tarin shaidun da ɗalibin malanta yake ajiyewa lokacin koyarwar gwaji, watau watannin da ake tura shi wata makaranta ya koyar a ƙarƙashin kulawar manya. A ciki akan sami tsarin darussa, da hotunan kayan koyarwa da ya ƙera da hannunsa, da samfurin aikin yara, da sharhin malamin da ya duba shi, da kuma bayaninsa na abin da ya yi daidai da inda ya kuskure. A dā duk wannan a takarda yake, ruwa ya jiƙa, gara ta ci. Yanzu ana iya adana shi cikin waya.

Me ya sa aka zaɓi manhajar saƙo?

Dalili na farko shi ne nisa. Malamin kwaleji ɗaya yakan ɗauki nauyin ɗalibai da dama da aka rarraba a ƙauyuka, ba ya kuwa iya leƙa kowanne sai jefi-jefi. Ɗalibin da ya yi mako uku yana maimaita kuskure guda, yaran ajinsa ne suke asara. Na biyu, tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 ta bazu birni da karkara, manhajoji irin su WhatsApp, wadda ta fito a 2009, da Telegram, wadda ta fito a 2013, sun zama sanannu. Ba sai an koya wa ɗalibi sabon abu ba.

Yadda za a yi

1. Malamin kwaleji ya buɗe zaure guda domin ɗaliban da yake dubawa, ya sa malaman azuzuwan da suke koyarwa a ciki. Zauren na aiki ne kurum, ban da gaishe-gaishe, da talla, da siyasa.

2. Kowane ɗalibi ya ɗauki hoton tsarin darasinsa ya aika kwana biyu kafin ya shiga aji, domin gyara ya riga koyarwa.

3. Bayan darasi, ya aika saƙon murya na minti biyu, ya amsa tambayoyi uku: Me na nufa yara su koya? Yaya na san sun koya? Me zan sake gobe?

4. Malami ya ba da amsa cikin kwana biyu. Yabo da shawarar da za ta amfani kowa a faɗe su a zaure. Gyara mai nauyi kuwa a aika wa ɗalibi shi kaɗai, gama tozarta mutum gaban abokansa ba ya gyara shi.

5. Ranar Asabar ɗalibi ya zaɓi abu biyu ko uku mafiya kyau, ya sa wa kowanne kwanan wata da sunan darasi, ya kwashe su zuwa ma'ajiya ta dabam, kamar Google Drive. Lalle a kiyaye wannan: zaure wurin tattaunawa ne, kundi kuwa sai an tsara shi. In waya ta ɓace ba a kwashe ba, aikin watanni yana iya salwanta.

Abubuwan da za a kiyaye

Manhaja takan rage kyan hoto don ya tafi da sauri, har rubutu ya ƙi karantuwa. Saboda haka a aika tsarin darasi a matsayin fayil. Bidiyo yana cin kuɗin data, a taƙaita shi. Wanda ba shi da babbar waya kada a rage masa maki. A haɗa shi da abokinsa, ko a karɓi nasa a takarda.

Mafi muhimmanci shi ne amanar yara. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta bukaci yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. Don haka a nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye, a ɗauki hoto daga bayan aji, a rufe sunan yaro a kan littafinsa. Kada a fitar da komai daga zaure. Haka kuma waya ba ta ɗauke wa malami wajibin zuwa aji ya duba da idonsa.

Kira

Ya ku shugabannin kwalejoji da na makarantu, ku ba wannan tsari goyon baya. Ya ku iyaye, in an nemi izininku, ku tambayi abin da za a ɗauka da wanda zai gani. Kai kuma ɗalibi, ka soma tara kundinka tun ranar farko. Ran da ka je neman aiki aka ce me ka iya, sai ka buɗe ka nuna, gama gani ya kori ji.