Ina Ne Kudu?

Idan mutum ya fuskanci gabas, kudu tana hannunsa na dama. Amma kalmar ta ɗauki kaya fiye da haka. A kasuwar Kwadon, in an ce mota za ta Kudu, ana nufin Legas ko Anacha, ƙasar da iyayenmu ke kira Kurmi, wadda aka haɗe da Arewa a 1914. In kuwa zancen zaɓe ake, Gombe ta Kudu ita ce Billiri, Kaltungo, Balanga da Shongom, kuma mutanenta 'yan Arewa ne. Yaron da bai rarrabe waɗannan biyu ba, sai ya mai da maƙwabcinsa baƙo. Birnin Kudu ma a Jigawa take, arewa da mu.

Ibraniyawa su ma da gabas suke auna duniya, shi ya sa kalmarsu ta hannun dama takan nufi kudu. Suna kuma cewa Negeb, wato busasshiyar ƙasar da Ibrahim ya yi kiwo, akasin tamu kudun mai ruwa. A Matiyu 12:42 Yesu ya kira sarauniyar Sheba ta Kudu, domin daga Urushalima ake dubanta.