Idan Ekstanal Ɗinka Ya Ƙi Buɗewa, Kada Ka Yi Gaggawa

Sana'ata gyaran kwamfuta ce a nan Kazaure, kuma a cikin kayan da ake kawo min babu mai zuwa da tashin hankali irin ekstanal, ƙaramar ma'ajiyar nan da ake jona wa kwamfuta da kebul. Masu kawowa sun haɗa da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da furojet ɗinsu ya maƙale, da masu ɗaukar hoton biki da hawan sallah daga Roni da Gwiwa, da masu shagon buga takardu daga Babura. Abin da aikin nan ya nuna min shi ne, sau da yawa ba lalacewar farko ce take cinye bayanai ba. Ƙoƙarin gyaran da mai abu ya yi a ruɗe shi ne yake ƙarasa su.

A cikin irin wannan ekstanal akwai farantai masu sheƙi da suke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya. Akwai kuma wata allura mai karatu da rubutu da take shawagi a samansu ba tare da ta taɓa su ba. Tazarar da ke tsakani ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Shi ya sa faɗuwa daga kan tebur yana cikin aiki, ko fizge kebul ana tsakiyar kwafi, ko ɗaukewar wuta a kwamfutar tebur, kowanne zai iya jawo matsala. Ga kuma zafin Afrilu, ga jijjigar babur idan an jefa shi aljihu ba kariya.

Lalacewa kala uku ce, kuma kowace da yadda ake tunkararta.

Ta farko ita ce mafi sauƙi: kebul ne ya mutu, ko bakin da ake jonawa ya saki, ko kuma wutar da kwamfutar take bayarwa ba ta isa ba. Ka canza kebul, ka gwada wani baki, ka gwada wata kwamfutar. Ka kara kunnenka, idan kana jin juyawa lami lafiya ba wata ƙara, akwai kyakkyawan zato. Wasu ekstanal ɗin ana iya zare na cikin a sa shi a sabon akwati, shi ke nan. Amma wasu, kamar da yawa daga cikin WD My Passport, bakin USB ɗinsu haɗe yake da bod, don haka kada ka ɓalle akwati kana tsammanin haka kowanne yake.

Ta biyu ita ce na'urar lafiyarta ƙalau, tsarin fayil ne ya rikice. Nan ne kwamfuta take cewa sai an yi fomat, ko aka goge folda bisa kuskure, ko bairos ya shiga. Ka ɗauka sito ne na hatsi, littafin da aka rubuta buhun wane yana lungu kaza ya ɓata. Buhunan suna nan, sai dai duk wanda ya shigo da sabon kaya zai iya fitar da su ya jibge nasa a gurbinsu. Haka fayil ɗin da aka goge yake: yana nan har sai an rubuta wani abu a wurinsa. Saboda haka kada ka danna fomat, kada ka sa ko waƙa ɗaya a ciki, kada ka sauke manhajar ceto a kansa. Akwai manhajoji na kyauta irin su TestDisk da PhotoRec da Recuva, kuma suna aiki, da sharaɗin abin da aka ceto a zuba shi a wata ma'ajiyar daban. PhotoRec yakan dawo da hotuna da takardu ba da sunayensu na asali ba, sai ka zauna ka tantance. Shi kuwa bairos ɗin nan da ake kwasowa a shagunan buga takardu, mai mayar da folda shotkot, yawanci ɓoye fayil yake yi, bai goge ba. Gyaransa ba ya cin lokaci, muddin ba a riga an yi fomat ba.

Akwai wani yanayi da yake yaudarar mutane: ekstanal yana buɗewa amma da nauyi, kwafi ya kai wani wuri ya tsaya cik, kwamfuta ta daskare. Wannan alama ce wasu sassan faranti sun fara mutuwa. A nan ba ma sakar masa CHKDSK ko wata manhajar gyara, domin wahalar da shi za ta yi. Abin da muke fara yi shi ne kwafe shi ɗungurungum zuwa wani lafiyayye da manhaja irin ddrescue, wadda take kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna sannan ta koma kan masu matsala. Duk sauran aikin a kan kwafin ake yi. CrystalDiskInfo ma kyauta ce, tana nuna lafiyar na'ura tun kafin ta kai ga haka.

Ta uku ita ce babba: ka jona ka ji ƙas, ƙas, ƙas, ko wata siririyar ƙara ba juyawa. Zare shi nan take. Allurar ce ta samu matsala ko ta manne, kuma duk jonawar da ka ƙara tana iya kankare faranti. An taɓa kawo min wani a ƙulle cikin leda, an riga an kwance murfinsa da sukudireba. Mai shi ya ce, "Injiniya, wani yaro ne ya ce bari ya hure masa ƙura." Da na haska fitila sai ga shatin babban yatsa ɓaro-ɓaro a kan faranti, ga wani zobe da allura ta zana, ga garin toka-toka a gefe. Wannan garin shi ne fatar da bayanan suke kai. Na ce masa, "Alhaji, sai haƙuri, abin da ya zama gari ba mai iya karanta shi." Garin neman gira an rasa ido. Haka ma masu cewa a sa shi a firiza ya kwana: raɓa ce za ta taru a ciki ta ƙara ɓata lamarin. Irin wannan aikin sai a ɗaki na musamman mai tace iska, da kayan gyara daga wani ekstanal irinsa sak, kuma kuɗinsa yakan ninka na sabo. Mai gyaran kirki zai gaya maka wannan ya fi ƙarfin shagonsa.

Wani abin takaici shi ne jabu. Za ka ga an rubuta terabait 2 a jiki, farashi kuma kamar kyauta. Kwamfuta za ta nuna girman da aka rubuta, amma cikinsa ɗan ƙaramin filash ne, idan ya cika sai sabo ya riƙa bin kan tsoho ko ya tafi a banza. Abin da bai taɓa zama ba babu mai dawo da shi. Ko a ina ka saya, ka gwada shi da manhajar H2testw kafin ka ba shi amanar aikinka.

Maganar amana kuwa, ka tuna abin da ke ciki: hotunan iyali, takardun makaranta, lambar NIN da BVN. Ka kai wa wanda ka sani ko aka shaide shi. Ku yi ciniki tun farko, ka nemi a nuna maka fayilolin suna buɗewa kafin ka cika kuɗi, sannan ka ce a goge kwafin da ya rage a shago. Mu ma masu sana'a, mu ji tsoron Allah a kan sirrin mutane.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya kwashe komai daga laftof ya zuba a ekstanal, ya goge na laftof ɗin, ya ce ya yi ajiya. Wuri kawai ya canza wa kayansa, har yanzu kwafi ɗaya gare shi. Ƙa'idar da masana suke bi ita ce kwafi 3, a ma'ajiya iri 2, 1 daga ciki a wani wuri daban. Ko kamfanin Pixar na Amurka a 1998 an goge masa mafi yawan fayilolin fim ɗin Toy Story 2 bisa kuskure, kwafin da wata ma'aikaciya take da shi a gida ne ya cece su. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, ya ishi furojet da takardun shaida. Mai hoto kuma kada ya goge katin kyamara sai aikin ya zauna a wuri biyu.

Don Allah, duk wanda ya karanta wannan, yau ɗin nan ya zaɓi fayilolin da ba zai iya jure rashinsu ba ya yi musu kwafi na biyu. Wanda kuma nasa ya riga ya fara ƙara, ya zare shi, ya ajiye, ya nemi masani. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu.