Nana Asma'u da Tafiyar Danginta

Yara, a kudu da Wad Madani, kusa da Sinnar, akwai wani gari a bakin Shuɗin Kogin Nilu. Sunansa Mai Wurno. Waɗanda suka kafa shi daga ƙasar Sakkwato suka zo. Yau za mu karanta labarin wata mace daga cikin danginsu.

Kakannin Nana Asma'u Fulani ne malamai. Daga Futa Toro, a ƙasar Senegal ta yau, suka taso. Suka yi gabas har suka zauna a Ƙonni. Mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an haife shi a Maratta cikin 1754. Daga baya gidansu ya koma Degel.

A Degel aka haifi Asma'u cikin 1793. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haifa, ita da ɗan'uwanta Hasan. Tun tana ƙarama ta fara karatun allo, domin a gidansu mata ma suna karatu.

Cikin 1804 aka samu saɓani tsakanin Shehu da Yunfa, Sarkin Gobir. Jama'ar Shehu suka yi hijira zuwa Gudu. A lokacin Asma'u tana da shekara goma sha ɗaya. Aka ɗaure kaya, aka ɗora littattafai bisa dabbobi. Yaƙi ya tashi. Shekaru da dama ba su da wurin zama guda. Suka sha yunwa da ciwo, mutane da yawa suka mutu a hanya. Duk da haka Asma'u ba ta bar karatu ba.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama waziri. Cikin 1809 wanta Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato, suka zauna can. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma rubuta waƙoƙi masu yawa.

Bayan yaƙi, Asma'u ta ga matan ƙauye ba su da mai koya musu. Sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali, ta karantar da su. Kowace ta ba ta malfa da jan rawani, aka kira ta jaji. Jajoji suna zuwa ƙauyuka da waƙoƙinta, suna koya wa mata addini da kyawawan halaye. Ɗalibansu su ne ƴan taru. Asma'u ta rasu cikin 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta.

Amma tafiyar dangin ba ta ƙare ba. Cikin 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru, jikan wanta Atiku, ya fita da jama'a ya nufi gabas. Aka kashe shi a Burmi a shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane, maza da mata da yara, har Sudan. Suka sare daji, suka gina gari, suka yi gonaki. Garin ya ɗauki sunansa. Cikin 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, Hausawa da yawa suka shiga noman auduga a Jazira.

Mai hijira yakan bar gida da gona a baya. Abin da ya karanta kuwa yana tare da shi duk inda ya sauka.

Ma'anar kalmomi

Hijira: barin gari don tsira da rai ko addini.
Malfa: babbar hula da ake saƙawa da kaba.
Jaji: shugabar ƴan taru.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Nana Asma'u?
2. Me ya sa jama'ar Shehu suka bar Degel?
3. Mene ne aikin jaji?
4. Wa ya kafa garin Mai Wurno?

Aikin gida

Ku tambayi kakanninku daga wane gari danginku suka taso, da garuruwan da suka yada zango. Ku rubuta sunayensu bi da bi cikin littafinku.