Darasi: in gurup ya ƙi tashi

A Geceme da ƙauyukan Dallol Mawri, gurup, wato injin wuta mai shan gazuwal, yana aiki da yawa. Da shi ake walda, da shi ake cajin waya, da shi ake sanyaya ruwa ran kasuwa. Ranar da ya ƙi tashi, ciniki ya tsaya. Wani mai gurup sai ya ɗauki kile ya kwance pampo. Nan ne ƙaramar ɓarna take zama babba.

Yadda injin yake aiki

Injin gazuwal ba ya da buji irin na babur. Yana matse iska har ta yi zafi fiye da digiri 500. Sannan ya fesa mai a cikinta, mai ya kama wuta. Hanyar mai tana da zango 4: tanki, filtir mai tace datti, pampo mai tura mai, da anjaktar mai fesa shi. In hanya ta toshe a wuri ɗaya, injin ba zai tashi ba. Abokan gabanta 3 ne: ruwa, datti da iska.

Hayaƙi yana ba da labari

A juya injin, a dubi hayaƙi. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isowa. In hayaƙi fari ne, mai yana isowa amma ba ya cin wuta. In baƙi ne, sau da yawa ƙura ce ta toshe filtir na iska. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15, don kada batir ya mutu.

A bi hanya daki-daki

1. Tanki. A tabbata akwai mai, kuma an buɗe makunnin mai. A tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki cikin farar kwalba. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, zai kwanta a ƙasa. In an ga ruwa, a juye tanki duka.

2. Filtir. In ya yi baƙi da laka, a sake sabo. Kada a huda shi, kada a cire shi a bar injin haka.

3. Iska. Tana shiga in mai ya ƙare sarai, ko in tiyo ya tsage. A sassauta ƙaramin kusan da ke kan filtir. A bar mai ya fito, ko a danna ɗan pampon hannu in akwai. Mai zai fito da kumfa. In kumfa ta ƙare, a ɗaure.

4. Bututun anjaktar. A sassauta noti kaɗan, a juya injin. In mai yana tsartuwa, pampo yana aiki. A ɗaure, a sake gwadawa.

Inda mai gurup zai tsaya

In an bi waɗannan duka injin bai tashi ba, aiki ya zama na makanike. Ramukan anjaktar sun fi bakin allura ƙanƙanta. Ƙwayar rairayi ɗaya tana lalata cikin pampo. A kai wa mai kayan awo, ko da a Dogondutsi ko Doso ne. Kuɗin mota bai kai kuɗin sabon pampo ba.

Hattara! Kada a tara hannu gaban feshin anjaktar. Ƙarfinsa ya fi na iskar tayar mota sau 50. Yana huda fata, mai ya shiga jiki. Wanda abin ya samu ya tafi likita nan take, ko da ciwon ƙarami ne a ido.

Rigakafi

Man kwalba na bakin hanya yakan zo da ruwa ko datti. A bar shi ya kwana 2 cikin bido a rufe, a tace sannan a zuba, a bar na ƙasa. Kada a gauraya shi da esansi ko kananzir, domin gazuwal ne ke shafa cikin pampo. A cika tanki da marece, don kada raɓa ta taru a ciki da dare.

Tambayoyi

1. Mene ne zango 4 na hanyar mai?
2. Yaya ake gane ruwa cikin gazuwal?
3. Wane aiki ne za a bar wa makanike?