Kwana Uku a Kano: Nasiha ga Ango da Amarya

Ɗana da 'yata, labari ya iso mini cewa kuna shirin tafiya Kano ku biyu, ba don biki ko ta'aziyya ko ganin likita ba, don dai ku ga gari, ku ɗanɗani abincinsa, ku dawo. Na yi farin ciki ƙwarai. A zamaninmu mace ba ta cika barin garinsu ba sai da dalili mai nauyi, in ma ta fita, daga mota sai cikin gidan da aka nufa, daga nan kuma sai motar komawa. Akwai iyayenku mata da suka sha zuwa Kano, amma har yau ba su san Dala ba sai hange ta tagar mota. Tunda ku Allah Ya buɗa muku, bari in faɗa muku abin da nake ganin zai sa tafiyar ta yi albarka.

Za a samu mai cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce, wani ya ce almubazzaranci ne. Kada maganar ta sanyaya muku gwiwa. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cikin tafiya tare da Nana A'isha sai ya umarci sahabbai su yi gaba, su biyu suka yi tseren gudu, ta tsere masa. Bayan wasu shekaru, a wata tafiyar, suka sake gwadawa, shi kuma ya tsere mata. Ku lura da cewa sai da ya sallami jama'a tukuna. Abin da nake so ku riƙe ke nan. A gida kullum akwai wanda yake tsakaninku: baƙo a zaure, ƙanne a tsakar gida, aiki, kasuwa, waya. Kwana ukun nan na ku biyu ne, kuma duk abin da zan faɗa a gaba don kare wannan ne.

Mu fara da masauki, domin a nan galibi tafiya irin wannan take lalacewa tun ba ta fara ba. Da wuya a sami Bahaushen da ba shi da ɗan'uwa a Kano, kuma da zarar dangi sun ji kuna tafe za su ce ai ba ku da masauki sai gidansu. Karamci ne, Allah Ya saka musu da alheri. Amma ku san abin da zai biyo baya. Ke 'yata za a ja ki cikin gida wurin mata, kai kuma a shimfiɗa maka tabarma a zaure. Za a yanka kaza, a tuƙa tuwo, ba kuwa wanda zai iya tashi ya ce zai je ya ci na waje. In kun ce za ku fita, kunya ba za ta bar ku ku fita ku kaɗai ba, sai an haɗa ku da yara biyu 'yan rakiya. Haka kwanakin za su ƙare, ba ku yi hirar minti goma a tsakaninku ba. Don haka ɗana, ka kama ɗaki a masauki mai tsabta da mutunci, daidai ƙarfin aljihunka, ka riƙe katin shaidarku da takardar aure in kuna da ita. Zumunci ba abin yarwa ba ne, zan dawo kansa.

In da hali ku zaɓi lokacin sanyi, wajen Disamba ko Janairu. Ranar Kano a watan Afrilu ba ta yawon ƙafa ba ce. Kuma kada ku cika wa kanku wurare. Biyu a yini sun isa, ɗaya da safe, ɗaya bayan la'asar, tsakar rana ku koma ku huta. Wanda ya ce sai ya ga komai, gajiya da ɓacin rai zai kwaso.

Safiyar farko ku hau Dala kafin rana ta yi ƙarfi. Akwai matakala, sai dai hawan yana son numfashi. Idan 'yata tana da juna biyu, a bar shi sai wani jiƙon. A kan dutsen ne za ku gane yadda garin yake kwance: ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallaci kusa da fada, ga tsofaffin unguwanni sun cure wuri ɗaya. A gindin dutsen nan Kano ta fara, tun zamanin su Barbushe, kafin zuwan Bagauda. Ganuwar da ta kewaye birnin Sarki Gijimasu ne ya fara gininta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Yau yawancinta ta zube ko an yi gini a kanta, abin yana ci mini rai, sai sunayen ƙofofi suka fi saura: Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Mata, Na'isa, Kabuga, Mazugal. Kada ku yi saurin saukowa. Ku sami wuri ku zauna, kowa ya nuna wa ɗan'uwansa abin da idonsa ya kama.

Daga nan Gidan Makama ba nisa, yana daura da fada. Tsohon gini ne na ƙasa tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu an mai da shi gidan tarihi. Za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903. Ku bi mai zagayawa da baƙi, ku yi masa tambaya, ku ba shi ɗan ihsani.

Wurin da na fi so ku daɗe shi ne karofin Ƙofar Mata, marinar da ake lissafa kafuwarta tun 1498. Ramuka ne zagayayyu masu zurfi a jere cikin ƙasa, a cikinsu ake jiƙa baba da toka da kanwa, a bar su kwana da kwanaki har ruwan ya nuna. Ku tsaya kusa da marini ku kalli hannunsa. Zai tsoma zane, ya murza shi a cikin ruwan, ya ɗago. Lokacin da ya fito kore-kore za ku gan shi, sai iska ta buge shi, a gaban idonku ya rikiɗe ya koma shuɗi. Sai ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, haka zai yi ta yi har launin ya kai duhun da ake so. Hannunsa kuwa ya rine har gwiwar hannu. Can gefe za ku ji ƙarar mabuga suna dukan zane a kan gungume har ya ɗauki sheƙi. Adon da ke jikin zanen kuwa, mata ne suke ɗaure shi da zare a cikin gidajensu kafin a kawo rini, don haka 'yata ki tambaya a warware miki ɗaya ki ga yadda ɗaurin yake fitar da zane. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin garin suke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Yau ramuka da yawa sun bushe, babu masu aiki a kansu, yadin kanti ya kashe musu kasuwa. Ku sayi ko da zane ɗaya ne daga hannun mai rinin, kuma kada ku matse shi a ciniki.

Sai maganar ciki. Ɗana, kada ka ɗauke ta daga gida ka kai ta Kano don ku ci shinkafa da kaza a gidan abinci mai sanyin na'ura, wannan akwai shi a ko'ina. In kuna sha'awa ku shiga sau ɗaya, ba laifi. Amma abincin Kano yana bakin titi da cikin lungu. Ku nemi gurasa, wadda unguwar Jakara ta yi suna a kanta. A tanderu ake gasa ta, a manna ƙullin a jikin tukunyar ƙasa mai zafi har ya tashi. Ku ce a yi muku bandashe: mai gurasa zai ɗan tsoma ta a ruwa ta yi laushi, ya barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, ya zuba man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir a kai. In an haɗa da tsire ko balangu mai zafi, an gama magana. Ku sayi ɗaya ku ci tare a kwano ɗaya, in ta yi muku daɗi ku ƙara.

Da safe akwai waina da miyar taushe, akwai ɗanwake da mai da yaji, akwai ƙosai da kunun tsamiya. Kilishi ku neme shi a Agadasawa, ku ɗanɗana kafin ku saya, shi ne kuma tsarabar da ba ta lalacewa a hanya. Sharaɗina ɗaya ne: ku ci abin da aka sauke daga wuta a gabanku, ku sha ruwan da kuka amince da shi, ku duba tsabtar mai fura kafin ku ce a dama. Ciwon ciki a baƙon gari yana cinye kwana guda cur. Kai kuma ka tambaye ta abin da take marmari, ka jira amsa. Sabuwar amarya takan ce "duk wanda ka zaɓa", ba don ba ta da zaɓi ba. Ke ma 'yata ki buɗe baki ki faɗa, mijinki ne. Kwana ukun nan ba za ki hura wuta ba, ba za ki wanke tukunya ba, ki bari a yi miki hidima.

Kasuwar Kurmi ma tun zamanin Rumfa take. Lungunanta matsattsu ne, mutum biyu ba sa jerawa, kuma cikin sauƙi ake ɓata, saboda haka kada ku rabu. Akwai kayan fata, da kayan doki, da turare, da duwatsun wuya, da littattafai, da kayan ƙamshi na miya. Ku taya da fara'a. In mai kaya ya ce albarka, ku ƙara kaɗan ko ku yi sallama ku wuce, ba abin faɗa ba ne. Kantin Kwari kuwa, inda atamfa da shadda da leshi suke, ina jin tsoronsa a kanku. Mutum yakan shiga da niyyar turmi ɗaya ya fito ba kuɗin mota. Tun a gida ku zauna ku yanke abin da za ku kashe, ku ware kuɗin komawa daban. Kada a ci bashi don yawon buɗe ido, kada kuma a taɓa kuɗin haya ko na abincin wata. Ɗana, ka damƙa mata wani abu a hannunta wanda za ta sayi abin da ranta yake so ba sai ta roƙe ka ba. Tsaraba ta iyaye da yaran gida ce. Ba dole sai kowa a unguwa ya samu ba.

Akwai wata ɗabi'a tamu ta maza da nake so ka bari a gida: miji yana gaba da taku goma, mata tana baya tana sauri, kamar waɗanda suka yi faɗa. A cikin cunkoson Kano wannan har hatsari ne. Ka yi tafiya daidai takunta, ka tsaya ta ɓangaren da motoci suke, in za ku hau adaidaita sahu ka yi ciniki tukuna, ka bari ta fara shiga. Waya kuma ta zauna a aljihu, don ɓarayi da kuma don kanku. Ku ɗauki hoto kaɗan na ajiyewa, ku nemi izini kafin ku ɗauki mai sana'a a bakin aikinsa. Ba sai duniya ta san abin da kuka ci da inda kuka kwana ba. Salla kada ta kuɓuce muku saboda yawo, masallatai suna ko'ina. Ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru tun kafin ku taso.

Ranar ƙarshe ita ce ta dangi. Bayan la'asar ku ɗauki ɗan kilishi da goro da sabulu ku je ku gaida su, ku fara da wanda ya fi girma. Za su yi ƙorafin kun shigo gari ba ku sauka wurinsu ba. Kada ku kawo dogon uzuri, kada kuma ku yi ƙarya. Ku ba da haƙuri, ku ci abin da aka kawo muku, ku zauna har magariba. Washegari ku yi sammakon tasha don ku isa gida da rana, ban yarda da tafiyar dare ba. In mota ta tashi ku bugo wa iyayenku waya. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.